ALHAJI ABUBAKAR IMAM: MALAMIN DA YA RUBUTA WA YARA LITTAFI, MANYA SUKA ƘWACE

  A yau filin namu na tarihin magabata zai waiwayi wani bawan Allah wanda bai taɓa kafa rumfa a kasuwa ba, amma hajarsa ta shiga kusan kowane gari da ake jin Hausa, kuma har gobe ba ta yi kwantai ba. Wannan mutum shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce.

Abin da ya sa na ɗauko tarihinsa shi ne wani abu da na daɗe ina lura da shi a gidan rediyon da nake aiki. Muna da shirin yara, inda a wasu lokuta mukan karanta labari ɗaya daga cikin Magana Jari Ce. To, da zarar an buɗe layin waya, sai ka iske masu kira ba yaran ba ne. Dattawa ne masu furfura, da direbobin manyan motoci, da masu awon hatsi, da ƴan canji, kowa na son a maimaita masa labarin da ya ji tun yana ɗan ƙarami. Wani ma har gyara zai yi maka in ka tsallake wani wuri. Ni kaina littafin Hausa na farko da na fara riƙewa shi ne Magana Jari Ce na ɗaya, wanda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sayo a kasuwar Jibiya ya cusa cikin buhun kayansa. Shi bai iya karatun boko ba, mu kuma a lakwal Faransanci ake koya mana, amma da dare sai ya sa in zauna kusa da fitila in dinga harhaɗa baƙaƙen, ina tuntuɓe yana dariya, har na iya. Saboda haka bashi ne a kaina in ba ku tarihin mai wannan littafi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yanzu yake cikin jihar Neja ta Nijeriya. Kada mai karatu ya rikita wannan jiha da ƙasar Nijar, suna ne kawai ya yi kama. Gidansu gidan malamai ne, kuma asalin zuri'arsu daga ƙasar Barno suka fito. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, masanin addini ne, don haka kamar kowane ɗan malam, da allo ya fara, ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafan addini tun kafin ya san akwai wani abu wai shi boko. Wannan tushe na Larabci ya yi masa rana daga baya, domin ya buɗe masa ƙofar littattafan hikayoyi na Larabawa waɗanda ɗan boko zalla ba zai iya shiga ba.

Yana da wa mai suna Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kusan shekara 20, ya yi koyarwa a Katsina, daga baya kuma ya zama Walin Katsina. Ta dalilin wannan wa nasa ne Abubakar ya tashi a birnin Dikko, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ya shiga makarantar boko a can. A 1927 ya samu shiga Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai da Turawan Ingila suka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye manyan Arewa irin su Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1932, yana da shekara 21, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Mu mutanen wannan gefe ba baƙi ba ne ga Katsina. Tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, kuma har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, saboda tarihin da kowa ya sani. Hausar da Abubakar Imam ya taso yana ji a kasuwa da fada da zauren malamai ita ce dai wadda kakanninmu ke ciniki da ita. Wannan na cikin dalilan da suka sa in Bamaraɗe ko Badamagare ya ji ana karanta littafinsa, ba ya jin kamar kayan wata ƙasa ne.

GASAR 1933 DA RUWAN BAGAJA

A wancan zamani yaran da ke makarantun boko na Arewa suna koyon karatu da Hausa, amma in sun iya babu abin karantawa, in ban da ƴan littattafan fassara da na lissafi da na kiwon lafiya. Malamanmu sun daɗe suna rubutu da ajami da Larabci, sai dai yawancinsa waƙoƙin wa'azi ne da fiƙihu da tarihi. Tatsuniya da hikaya kuwa a baka suke, wajen tsofaffi mata da dare, kuma malami mai mutunci ba ya ganin ya dace ya ɓata tawadarsa a kansu.

Akwai wata hukuma ta fassara da talifi a Zariya, wadda wani Bature mai suna Dokta Rupert East ke shugabanta. A 1933 wannan Bature ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai da ƴan boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, ya sa gasa. Daga cikin abin da aka aiko aka zaɓi littattafai 5 aka buga: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Ku duba ikon Allah: cikin littattafai biyar da suka zama harsashin ƙagaggen labari na Hausar boko, biyu daga ɗaki ɗaya suka fito, wa da ƙane.

Lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja shekarunsa 22 kacal. Labari ne na wani Alhaji Imam da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkar da cuta, bayan an kunyata limamin da ya riƙe shi a gaban fada don ya ce akwai wannan ruwa. A hanya ya haɗu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka dinga yi wa juna ƙeta da ramuwa daga wannan gari zuwa wancan, yau wannan ya sa an ɗaure wancan, gobe wancan ya sa an kori wannan, har daga ƙarshe suka zama aminai. Duk wanda ya taɓa fatauci, ya kwana a tasha, ya faɗa hannun ɗan damfara a garin da bai san kowa ba, zai ga kansa a cikin wannan littafi. Shi ya sa har yau in mutum biyu suna yawan zolayar juna a kasuwa, sai ka ji dattawa sun kama sunan Zurƙe.

WATA SHIDA A ZARIYA

Dokta East ya ga cewa wannan saurayi na da baiwar da ba kowa ke da ita ba, wato iya zuba Hausa a takarda ta fito kamar ana hira a dandali. Sai ya nemi a ba shi aron sa daga Katsina. A 1936 Abubakar Imam ya je Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe daban-daban, na Larabci da na Ingilishi, aka nemi ya samar wa ƴan makaranta littafin karatu. Cikin kimanin wata shida ya gama aikin da ya zama Magana Jari Ce, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, masu ɗauke da labarai wajen 80. An buga su tsakanin 1937 da 1939.

Ga waɗanda suka manta, da kuma yaran yanzu da ba su taɓa gani ba, ga yadda ginin littafin yake. Akwai wani babban sarki, Abdurrahman ɗan Alhaji, wanda ya daɗe bai samu ɗa namiji ba, har Allah ya ba shi Musa, ƴarsa kuma ta haifi Mahmudu, yaran biyu suka tashi tare ba sa rabuwa. Wazirin sarkin kuwa maciyin amana ne, ya daɗe yana kwaɗayin gadon sarauta. Da yaƙi ya tashi tsakanin sarkin da Sarkin Sinari, sarki ya fita daga, aka bar Musa a gida, sai waziri ya shirya makircin da zai sa yaron ya fita daga fada a hallaka shi. Abin da ya tsaya tsakanin Musa da mutuwa wani tsuntsu ne, aku, wanda aka saya daga hannun wani Balarabe. Duk daren da Musa ya yi shirin fita, sai akun ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har sarki ya komo da nasara, asirin waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri.

A littafi na biyu Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari. A na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana da zaman duniya, yana ba shi labari yana kuma nuna masa darasin da ke ciki. Ashe ke nan littattafan uku tafiyar mutum ce gaba ɗaya: ka tsira da bakinka, ka yi suna da shi, sa'an nan ka gadar wa ɗanka.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin gaskiyar sunan wannan littafi. Akun nan ba shi da takobi, ba shi da dukiya, ba shi da dangi a fada. Bakinsa kawai gare shi, da sanin lokacin da ake magana da lokacin da ake shiru. Haka dillali yake a kasuwar dabbobi, haka mai shiga tsakani yake in rigima ta tashi a kan bashi, haka wanda ya iya lallashin ma'aikaci a bakin iyaka ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Mutum nawa muka sani da suka fara da jarin jaka biyar suka zama Alhazai saboda daɗin baki da cika alkawari, mutum nawa kuma suka gaji dukiya suka ƙarar saboda ba su iya magana da mutane ba? Yaro yana karanta littafin don dariya, babba kuwa yana komawa gare shi don ya riga ya haɗu da wazirin nan a rayuwarsa, wataƙila ma sun yi tarayya a rumfa ɗaya.

INA YA SAMO LABARAN?

Akwai masu cewa ai Abubakar Imam ba shi ya ƙagi labaran nan ba, ɗauko su ya yi. Maganar tana da tushe, kuma masana a jami'o'i sun bi diddiginta. Da yawa daga cikin labaran sun samo asali daga Dare Dubu Da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin da wasu Jamusawa ƴan uwan juna masu suna Grimm suka tattara, wasu kuma daga tatsuniyoyinmu na gida. Ita kanta dabarar aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labari, akwai ta a wani tsohon littafi na ƙasar Indiya.

Ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Maigida ya gayyato baƙo, ya sa matarsa ta gasa kaji biyu, ita kuwa kwaɗayi ya ja ta, ɗanɗana kaɗan kaɗan har ta cinye su duka. Da baƙo ya iso sai ta tsorata shi da cewa wuƙar da maigida ke wasawa dominsa ake wasa ta, baƙo ya zura da gudu, ta juya ta gaya wa mijin cewa baƙo ya sure kajin. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon ko ɗaya a bar masa, baƙo kuwa ya ƙara mai. Ƙashin wannan labari na Jamusawa ne. Amma wa zai karanta shi cikin Hausar Imam ya ce ba a bayan gidansu abin ya faru ba?

A nan ne gwanintarsa take, kuma ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin misalinta. Shadda daga waje ake kawo ta, amma in ta shiga hannun madinki da mai aikin wuya ta fito babbar riga, babu mai ce mata kayan Turawa. Imam ya cire wa labaran nan giya da alade da dusar ƙanƙara, ya sa musu rawani da zaure da kasuwa da alƙali da dogarai, ya ba mutanen ciki sunaye irin namu, ya cika bakinsu da karin magana da habaici da ba'a. Sarakunansa suna zaman fada irin na Katsina, malamansa suna da allo da gafaka, ɓarayinsa ma irin namu ne. Aro ba laifi ba ne a wajen masu hikaya, tun da can labari yana bin ayarin fatake ne daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya karɓa ya yi masa ɗinkin garinsu.

GASKIYA TA FI KWABO DA TAFIYA INGILA

Da a ce a nan ya tsaya, da ya isa a tuna da shi. Amma a watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauko shi ya zama editanta na Hausa na farko, ya riƙe wannan aiki kimanin shekara 12. Lokacin duniya na shirin shiga Yaƙi na Biyu, ji-ta-ji-ta ta cika kasuwanni, har ana raɗe-raɗin cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus. Hukuma na son hanyar da za ta isar da nata bayani ga talakawa, shi ya sa aka kafa jaridar, ana sayar da ita kwabo ɗaya kamar yadda sunanta ya nuna.

Aikin na da wuyar sha'ani, kuma duk ɗan jaridar da ya taɓa aiki a gidan da hukuma ke biyan albashi ya san irin wannan tsaka mai wuya. A gefe ɗaya ga Turawan mulki, a gefe ɗaya ga sarakuna da ƴan'e, a ɗaya gefen kuma ga talakawa da matasan ƴan boko masu aiko da wasiƙun koke. Imam ya buɗe wa wasiƙun masu karatu fili, ya dinga rubuta sharhi kan jahilci da cin hanci da zaluncin wasu ma'aikata, amma da irin salon akun nan nasa, wato ya faɗi gaskiya ta hanyar misali da karin magana yadda mai laifi zai ji a jikinsa ba tare da ya samu abin kamawa ba. Wasu matasa masu zafin jini na ganin ya cika lallaɓawa, wasu manya kuma na ganin ya cika tsaurin ido. Jaridar ta kai har wajen sojojin Arewa da aka tura yaƙi ƙasar Bama, kuma ita ce ta saba wa mutane da yawa da rubutun Hausa mai ƙugiya, irin ɓ da ɗ da ƙ da kuke gani a wannan shafi. Mu duka masu aikin jarida da rediyo da Hausa, ko a wane gefen iyaka muke, jikokin wannan jarida ne.

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci wasu editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, shi kaɗai ne daga Arewacin Nijeriya. Cikin tawagar akwai Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda ya shirya wata takarda ta neman a sa lokacin ba da mulkin kai. Abubakar Imam bai sa mata hannu ba. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan, wasu suka zarge shi da bin Turawa. Abin da ke gabansa shi ne yadda aka bar Arewa a baya nesa wajen ilmin zamani, yana ganin in aka yi gaggawa mutanensa za su fita daga hannun wani su faɗa hannun wani. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ba a ce ya yi shiru a Ingila ba, domin ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi, ya kuma rubuta masa dogayen wasiƙu yana zayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin da shi Luggan ya kafa, da yadda ake danne talaka, da yadda ba a sauraron matasa masu ilmi. Da ya komo gida ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

SIYASA, AIKIN HUKUMA DA RASUWARSA

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tare da irin su Dokta Dikko, tun tana ƙungiyar raya al'adu da haɗa kan ƴan boko, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A wannan shekara aka zaɓe shi ɗan majalisar Arewa a Kaduna, ya kuma je majalisar wakilai a Ikko. Sai dai siyasa ba ta riƙe shi ba. Abokan karatunsa suka ci gaba, ɗaya ya zama Firimiyan Arewa, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, shi kuwa a 1954 ya koma wajen littattafai, a hukumar NORLA da aka kafa a Zariya don samar wa masu yaƙi da jahilci abin karantawa. Daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Arewa.

Duk da waɗannan ayyuka alƙalaminsa bai bushe ba. Cikin littattafansa akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Ikon Allah wanda suka yi tare da Dokta East don bayyana wa yara halittun Ubangiji da yadda duniya ke gudana, da Tarihin Annabi Kammalalle, da Haji Mabuɗin Ilmi wanda ya rubuta bayan ya sauke farali. An ba shi lambobin girma, har da digirin dakta na girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa, a 1989, aka buga tarihin rayuwarsa da Ingilishi daga rubuce-rubucen da ya bari, gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, abin da ya sa waɗanda ba su iya karatu ba ma suka san Waziri Aku. Kamfanin NNPC na Zariya, wato na buga littattafai ba na man fetur ba, ya yi shekaru yana sake buga littattafan nasa, kuma ta nan ne suka dinga ƙetaro iyaka cikin kayan fatake.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Shekarar da Abubakar Imam ya rasu, irinmu wasu na goye, wasu ba a ma haife su ba. Amma ga shi fiye da shekara 80 da buga Magana Jari Ce, har yanzu dattijo na kiran gidan rediyo don a karanta masa. Tambayar da ke damuna ita ce, nan da shekara 30 wa zai kira?

A Nijar an fara gwajin koyar da yara da Hausa a makarantar hukuma tun 1973 a Damagaram, an kuma yi shekaru ana yaƙi da jahilci da harsunan gida, amma har yanzu yaro zai iya gama firamare bai taɓa karanta littafin labari guda da harshen uwarsa ba. Wani kuma tun bai gama ba an cire shi an sa shi tsaron rumfa. Na ga yara da yawa a kasuwanninmu da suka iya danna waya, suka iya lissafin canjin naira da sefa da ka fiye da ni, amma in aka miƙo takardar yarjejeniya ko rasiɗin kaya sai sun nemi mai karanta musu. Wanda kuwa sai an karanta masa, dukiyarsa na hannun mai karantawar. Na san wani bawan Allah da ya yi asarar kuɗin mota guda ta wake saboda ya dangwala yatsa a kan takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Yaro ba ya son karatu don an yi masa wa'azi a kan amfaninsa. Yana so ne in ya ɗanɗana daɗinsa, in ya ƙagara ya ji yadda Zurƙe zai rama, ko yadda Kalalatu za ta fita daga rigimar kaji. Wannan shi ne abin da Imam ya gane tun 1936, shi ya sa ya lulluɓe darasi cikin dariya. Saboda haka, Alhaji, in ka shiga Katsina ko Kano ko Zariya ko Sakkwato saro kaya, ka tsaya wajen masu sayar da littattafai ka nemi Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja. Kuɗinsu bai kai na turmin atamfa ba. Hajiya, ke ma in kin je sarin kayan koli ki sa su cikin lissafi. In an kawo gida kada a jefa su cikin akwati. Bayan sallar isha'i a kashe waya na rabin awa, a ba yaro ko yarinya su karanta da ƙarfi, iyaye na saurare. In ya yi tuntuɓe a yi haƙuri da shi, haka muka fara. Wanda ke da tsohon kwafi da ya yage, ya kai a ɗinke masa, kada ya bari a ƙunsa ƙosai da shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, tare da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Masu son a kawo tarihin wani daga cikin magabata a wannan fili suna iya aiko da wasiƙa ta ofishin jarida kamar yadda aka saba. Sai mun sake haɗuwa, a ci kasuwa lafiya.